Waƙar da Ba a Rerawa da Kaka

Mijin yayata, Ɗanmaliki, ya ƙaga waƙoƙin coci sun fi gashin kansa yawa, ko da yake gashin ba wani na kirki ya rage ba. A cikinsu duka guda ɗaya ce ta ci sunanta waƙa, ita ce kuma aka hana shi rerawa.

Mu mutanen Unguwar Kanya ne, wani ɗan ƙauye tsakanin Zoza da Fulatan. Mafi yawan gidajen masallaci suke zuwa, mu kaɗan muna zuwa coci, amma in aka bi salsala kakanninmu ɗaya, gonakinmu kuma a manne suke, akuyar kowa tana cin dawar kowa ba tare da ta tambayi addininsa ba. Ɗanmaliki manomin gyaɗa ne kamar ubansa. Dogo ne siriri, in yana waƙa maƙogwaronsa hawa da sauka yake kamar guga a rijiya. Shi ne shugaban mawaƙan cocinmu tun ina budurwa, ni kuma ina cikin mawaƙan, a sahun gaba, daidai inda hannunsa yake wucewa. Ya taɓa zuwa wani horon mawaƙa a Ƙaraye yana saurayi, abin da ya dawo da shi kawai kaɗa hannu. Ya sha tuge mini ɗankwali a gaban jama'a. Tunda akwai wasa tsakanin mace da mijin yayarta, da baki nake ramawa, har yau kuma ban gama ba.

Waƙoƙinsa duk addu'o'i ne. Ba ya ta Kirsimeti, ba ya ta biki, wai waɗannan suna da masu yi. Yana da addu'ar wanda akuyarsa ta ɓata. Yana da ta mai ciwon haƙori. Yana da ta fasinjan da ya gano a kan gangara cewa motar ba birki. A gona yake ƙaga su, saran fartanya ne kiɗansa, ya dawo da yamma ya juye wa Yaya Tasalla, matarsa, tana tsakiyar tuƙin tuwo. Ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi, sai ta ce, “Maigida, Allah dai ya ji, ni aiki nake.” Ga tsawo. Akwai wadda muka taɓa rerawa, Fasto ya ce amin a tsakiya, ya ga ba mu tsaya ba, ya jira, ya sake cewa amin da ƙarfi, duk da haka sai da muka kai inda aka ga akuyar.

Waƙar ruwa daban take. Shekarar babban farin nan ya yi ta, lokacin da shuka ta ƙone aka sake, ta kuma ƙonewa, rijiyoyi suka koma laka. Wata Lahadi ya miƙe a gaban coci, bai kaɗa hannu ba, bai gyara murya ba, ya koya mana amshi a take: “Ya Uba, dubi ƙasa, ta buɗe baki tana jira.” Yana ba da baiti muna amsawa. Ba mu yi nisa ba iska ta buga taga, gabas ta yi baƙi ƙirin, aka watse a guje ana guɗa. Ran nan an sha ruwa har sai da katangar gidan Fasto ta zauna.

Ni dai ban ce waƙa ce take kawo ruwa ba. Ba ma rera ta sai damina ta tsaya, a lokacin kuwa dama hadari yana hanya. Akwai shekarun da muka rera muka koma gida rana tana gasa mana ƙeya, amma je ka nemo mai tuna waɗannan. Suna ya riga ya fita. Duk shekarar da ruwa ya ɗauke, maƙwabtanmu Musulmi za su fita bayan gari roƙon ruwa, riguna a juye, in sun dawo sai Mai unguwa Uwais ya tsaya a ƙofar Ɗanmaliki ya ce, “To maƙwabci, mun kai namu kuken. Saura ku.”

Kowa zai ɗauka mutumin da ya samu irin wannan farin jini ya gama morewa. Ina! Abin da yake cin ransa shi ne ba a taɓa jin waƙar har ƙarshe ba. Baitin farko kowa yana saurare. Na biyu wuya ya fara karkata wajen taga. Kafin a kai tsakiya wannan ta tuna ta bar gero a shanya, waccan ta tuna ba ta jera bahuna a bakin indararo ba, maza sun fita wai za su duba gabas su dawo. Yaya Tasalla ce kullum ta farkon fita, don ita ba ta yarda ɗigon ruwan sama ya zuba a banza. Mu mawaƙa ma da gidajenmu, da mun yi amshin da ya kamata sai mu zare ɗaya bayan ɗaya. Baitin ƙarshe kuwa ba shi da amshi, shi kaɗai yake yin sa, a hankali. Wanda yake saura tare da shi sai Baba Sulle mai buga tulu, shi kuma Baba Sulle kunnensa ya daɗe da yin ritaya, hannun Ɗanmaliki kawai yake kallo ya san lokacin tsayawa.

Ya taɓa ce mini, muna dawowa daga koyon waƙa, “Saude, kowa ruwan yake so, ba mai son waƙar.” Na ce to ya yi mini baitin a nan kan hanya mu huta. Ya ce addu'a ce ba hira ba, wurinta gaban ikilisiya. Na ce ashe zai daɗe yana yi wa benci addu'a.

Wannan ƙishin ne ya ja shi ya yi ɓarnar da ta jawo doka. Wata shekara ranar godiyar kaka, an cire gyaɗa, kowane fili an baje ta tana shan rana, harawa jibge a gonaki, Fasto ya ce mawaƙa su ba mu waƙar addu'a guda. Ɗanmaliki ya yi lissafinsa: damina ta wuce, ba mai jiran hadari, yau kam za a zauna a ji. Ya ɗaga murya ya saki waƙar ruwa. Ko baiti biyu bai cika ba cocin ta zama kango, wannan karon ba da guɗa aka fita ba. Kuma kamar da gayya, kashegari sama ta ɓalle, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Harawa ta ruɓe, gyaɗa ta tsira a inda aka shanya ta. Dattawan coci da Mai unguwa suka zauna a gindin kanya, ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya da sauri haka ba. Suka yanke cewa muddin akwai gyaɗa a waje, ba a rera waƙar nan a ko'ina, ko da fito. Fasto ya yi wa'azi mai kyau a kan cewa Allah ba famfo ba ne da za a murɗa shi da waƙa, amma shi ma ya goyi bayan dokar, don gonarsa ce ta fi kowacce asara.

Haka aka zauna shekara da shekaru. Da damina a roƙe shi ya rera a gudu a bar shi, da kaka a sa masa ido. Ko a bakin rijiya ya tsuke baki kamar zai yi fito, sai ka ji wata ta ce, “Baba, a dai yi hattara.”

Bana sai ga sanarwa. Fasto ya ce za a yi babban taron mawaƙan coci-coci na ƙasar Rogo da Ƙaraye, a wata majami'a a cikin garin Rogo, kowace ƙungiya ta zo da waƙa guda a kan addu'a. Ranar Asabar, tsakiyar cirar gyaɗa. A lokacin muryar Ɗanmaliki ta fara zaizayewa, in ya ja sama sai ta tsage, ya ma riga ya gaya wa Fasto cewa bayan kaka zai sauka ya ba masu jini a jika. Ya miƙe tsaye ya ce, “Waƙar ruwa za mu kai.”

Cocin ta kaure. Na ce masa, “Haba mijin yaya, ga ta ciwon haƙori nan, ba ta taɓa cutar kowa ba.” Ko kallona bai yi ba. Yaya Tasalla ta ce in ya rera waƙar nan gyaɗarta tana waje, to ya nemi inda zai riƙa cin tuwo a Rogo.

Kafin la'asar magana ta kai kunnen Mai unguwa. Ina gidan ina taya yayata tsinkar gyaɗa sai ga sallamarsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, mu kuma muka matso da aikinmu bakin ƙofa, don iska ta fi kaɗawa a nan.

“Barka da yamma, maƙwabci. Ina gajiya? Ya iyali? Ya muka ji da kaka?”

“Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe. Kaka an gode Allah. Ya jama'a? Ya ƙafar taka?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi. Madalla.” Mai unguwa ya gyara zama. “Wata magana na ji, na ce ƙarya ake, maƙwabcina mutum ne mai hankali.”

“Ba ƙarya ba ce, ranka ya daɗe. Amma ai a Rogo za mu rera, ba nan ba.”

“To shi ne na zo tambaya. Ruwan nan, waƙar yake bi ko mai waƙar? Don in a can zai sauka, 'yata Naja'atu tana aure a Sabon Garin Rogo, su ma sun cire tasu. In kuma gida zai biyo ka, ka ga tawa can baje a bayan masallaci. Ta ko'ina ni ne a ciki.”

“Uwais, tare fa muka yi kiwo da kai. Na taɓa roƙon ka wani abu?”

“Ka roƙi garma. Ka roƙi jaki. Bara ka roƙi iri.”

“Ban da waɗannan.”

“To ban da su, a'a.”

“Muryata ta kusa ƙarewa, kai ma kana jiyo ta ta katanga. Sau ɗaya tak nake so in kai waƙar nan ƙarshe mutane suna zaune. A can ba wanda ya san ta, ba mai shanya a kusa. In na yi wannan, ko ban ƙara buɗe baki ba na gode Allah.”

Mai unguwa ya daɗe yana murza gemu. Can ya ce, “Au, dama tana da ƙarshe?”

Dariya ta kusa tona mana asiri a bakin ƙofa. Amma da na leƙa na ga fuskar Ɗanmaliki sai ta koma ciki. Ban taɓa ganin tsohon nan ya yi ƙasa da kai haka ba, har na ji tausayinsa, abin da ban saba ba.

Mai unguwa ma ya gani. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, “Doka dai ba za a karya ba, ni na kafa ta. Muddin gyaɗa tana waje ba waƙa. Sai dai mu shigar da gyaɗar.” Ya miƙe ya tafi ya sa aka yi shelar gayya.

Wannan makon Unguwar Kanya ba ta zauna ba. Maza suna cira suna ɗaurin harawa, mata muna tsinka, ana ɗurawa a buhu ana kaiwa ɗaki. Wadda ba ta gama bushewa ba aka baje ta a zauruka da tsakar ɗakuna, har ƙarƙashin gado. Tsofaffi suka riƙa taka gyaɗa suna zamewa a hanyar alwala. Rabin cocinmu ya cika da buhuna, na Kirista da na Musulmi, kowa ya ɗaura ƙyalle a nasa don kada a rikice. Duk wanda ya wuce Ɗanmaliki sai ya ce, “Sannu da ƙoƙari, Malam mai waƙa,” da irin muryar da ta fi zagi ciwo. Yaya Tasalla kuwa bakinta ya fi hannunta aiki, kuma hannun nata ba na wasa ba ne. Ta ce mata suna auren manoma suna auren 'yan kasuwa, ita Allah ya haɗa ta da hadari.

Koyon waƙar ma abin kallo ne. Tunda har lokacin akwai sauran gyaɗa a waje, sai mu rufe ƙofa da tagogi mu yi ta ƙasa-ƙasa, a tsakanin buhuna, gumi yana tsiyaya. Baba Sulle aka ce ya riƙa shafa bakin tulun kawai kada ya buga. Baitin ƙarshe kuwa Ɗanmaliki ya ce sai a Rogo. Na ce wa Fasto, “Ranka ya daɗe, wai Allah ba ya jin raɗa ne?” Ya ce yana ji sarai, amma rigakafi ya fi magani.

Ranar Asabar da safe ko ƙwayar gyaɗa ba ka gani a fili. Muka hau a-kori-kura da anko ɗinmu, tulun Baba Sulle a naɗe cikin bargo. Har direba ya tayar sai ga Yaya Tasalla da ƙatuwar lema. Ita ba mawaƙiya ba ce, ba wanda ya gayyace ta. Ta ce, “Matsa mini. Zan je in ga ruwan da aka karya mini baya dominsa.” Mai unguwa yana gefe yana waya, muna jin yana cewa, “Naja'atu, ki kwashe komai, sun taso.”

A Rogo muka raina kanmu. Wasu sun zo da fiyano da jita, wasu da lasifikoki da janareto, 'yan mata da safar hannu farare. Mu kuwa tulu guda da caki. Sama tas, ko gizagizai babu. Aka yi ta waƙoƙi masu daɗi, jama'a cike maƙil har bakin ƙofa, rana ta karkata kafin a kira Unguwar Kanya.

Ɗanmaliki ya ɗaga hannu, na kare ɗankwalina, muka fara. Baitin farko muryarsa ta ɗan yi rawa sannan ta zauna. A na biyu na ga wuyan mawaƙanmu yana juyawa da kansa, nawa ma haka, amma tagogin majami'ar nan suna can sama, ba abin da ake gani sai bango. Mutanen wurin kuwa ko motsi. Manoma ne su ma, sun san ƙasar da ta buɗe baki, kafin baiti na uku sun kama amshin suna yi tare da mu.

Da aka kai tsakiya, Yaya Tasalla ta miƙe zumbur daga benci ta gyara ɗaurin zane, kamar yadda ƙafarta ta saba. Ta dubi ƙofa. Sai ta tuna gida yana can nesa, ba shanya, ba baho, ba abin da ya rage a waje. Ta tsaya jim, wata mata ta ja ta ta baya ta ce tana tare mata gani. Ta koma ta zauna, lema a kan cinya.

Muka yi amshin ƙarshe. Daga nan ban san abin da ke gaba ba, ni da na shekara da shekaru ina rera waƙar. Ɗanmaliki ya sauke hannuwansa, Baba Sulle ya tsaya. Ya rufe ido ya fara, a hankali, da 'yar muryar da ta rage masa:

“Ya Uba, akwai wani rami a bayan ɗorawa,
ni na tona shi bana, ba shuka na yi ba.
Ummi ce a ciki, ta tafi leɓenta a bushe.
Aiko da ruwa ciyawa ta rufe wurin,
ko uwarta ta daina kauce wa hanyar.”

Ummi 'yarsu ce ta fari. Ƙyanda ta ɗauke ta a shekarar farin, ko yaye ta ba a yi ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, kunya ce. Yayata ta riƙe kunyar nan har a mutuwa. Ba ta yi kuka an gani ba, ba ta ƙara ambaton yarinyar ba, mu ma muka bi ta muka yi shiru, har ƙannen Ummi suka girma wasunsu ba su san an yi ta ba. Hanyar ɗorawa ita ce mafi kusa daga bakin titi zuwa gidansu, amma kullum yayata ta bayan masallaci take zagayawa, mun ɗauka ƙaya take gudu. Ina tsaye a gaban jama'a hawaye ya ɓalle mini, na kasa ko share shi. Na ji zafin yarinyar, na ji na yayata, na ji na tsohon nan da ya yi ta faɗar wannan ga benci da kurma.

Sai da aka ɗan jima kafin wani ya tuna ana tafi. Ban dubi wajen Yaya Tasalla ba, don na san ba za ta so a gan ta ba.

Ba mu zo na ɗaya ba, masu fiyano daga Ƙaraye ne suka ɗauki kofi. Ruwa kuma ko ɗigo. Muka kamo hanya da yamma, mota tana jijjiga mu. Mun wuce rabin hanya sannan na ji yayata ta yi magana, idonta a kan gonaki.

“Tun yaushe baitin nan yake ciki?”

“Tun ranar farko.”

“Ba ka taɓa faɗa mini ba.”

“Duk shekara ina faɗa miki, Tasalla. Kina waje kina tarar ruwa.”

A bakin titi muka tarar da Mai unguwa Uwais yana jiran mu, hannu a ƙugu, yana duban sama yana duban motar, da gani ya tanadi magana mai tsawo a kan gyaɗar da ya kwana a kanta a banza. Yaya Tasalla ta sauka ta miƙo mini lemar. Ba ta yi wajen masallaci ba, ta miƙe hanyar ɗorawa, Ɗanmaliki yana bin ta a baya da ɗan nisa. Mai unguwa ya buɗe baki, sai ya ga inda suka nufa. Yana cikin waɗanda suka taya tona ramin a wancan lokacin. Ya rufe bakinsa, ya matsa gefe ya ba su hanya.